Injekta Ce, In Ji Malam

Kowa da irin jarabarsa. Wani goro, wani gulma, wani ba ya iya wuce mai tsire bai taɓa aljihu ba. Tawa ta fi duk waɗannan tsada: ba na iya ganin inji ya tsaya in kama bakina. Ko na wane ne, ko a ina ne, kafin mai shi ya gama ɗaga bonet na riga na faɗi abin da ya lalace. Kuma ban taɓa laƙaba wa inji ƙaramar cuta ba. Ba za ka ji na ce waya ce ta kwance ko tiyo ne ya tsage ba. Wannan maganar yaran gareji ce. Ni sai abin da ya fi komai tsada, ya fi komai cika baki. In injin fetur ne, in ce ya buga. In na gas ne kuwa, daga garinmu Saulawa har Hunkuyi hukuncina ɗaya ne: injekta ce.

A aji na kwaso cutar. Na daɗe ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare, kuma duk wanda ya riƙe alli ya san ɗalibi yana iya yafe maka bulala, amma ranar da ka ce masa "ban sani ba", girmanka ya zube ke nan. Da haka bakina ya saba riga kaina amsa. Da na yi ritaya na dawo gida na kama noma, na ajiye allin, halin kuwa ya biyo ni. Kuɗin sallama na fitowa na sayi tsohuwar Hilux mai shan gas, mai injin nan da ake kira 3L, silinda huɗu, lita 2.8, don kwasar masara da kaka, tumatir da rake kuma da rani. Motar ta girmi wasu daga cikin 'ya'yana, amma lafiyarta ƙalau har ranar da ta faɗo hannuna.

Kada a ɗauka ban san komai ba. Da haka ne da abin ya zo da sauƙi. Damuwar ita ce na san duk abin da ba ya tayar da mota. Na san Rudolf Diesel ya kammala injinsa mai aiki sosai a garin Augsburg na ƙasar Jamus a 1897. Na san kamfanin Bosch ya fara ƙera famfon injekta da yawa don kasuwa a 1927, kuma a 1936 Mercedes ta fito da ƙaramar mota mai shan gas, 260 D. Na san a tsakiyar shekarun 1970 Bosch ya fito da famfon da ake kira VE, wanda samfurinsa ne kamfanin Denso na Japan ya ƙera aka ɗaura wa motata. Duk wannan na sha zazzage shi a teburin mai shayi, direbobi suna gyaɗa kai don kunya. Abin da ban sani ba shi ne, a gindin filtar man motar tawa akwai wani ɗan murfin roba da ake warwarewa lokaci-lokaci, ruwan da ya taru ya tsiyaye.

Bari in yi darasin, tunda ba mai hana ni. Injin gas ba shi da fulogi mai ba da tartsatsi irin na fetur. Fistin ne ke matse iska zalla har ta koma kusan kashi ɗaya cikin 22 na girmanta, zafinta ya haura digiri 500. A daidai lokacin nan ake fesa mai ta bakin nozul, ya kama da kansa. Aikin injekta shi ne ta auna man, ta tura shi da ƙarfin da ya ninka iskar tayar mota wajen sau hamsin, ta kai shi silindar da ta dace a kan kari. Uwargida ce da mara a hannu, 'ya'ya huɗu sun miƙo kwano: kowa malmalarsa daidai da ta ɗan'uwansa, kowa a kan layinsa, in ta ƙara wa ɗaya ko ta makara, gida ya rikice. Sai dai ita, in inji yana juyi 3,000 a minti, rabo 100 take yi cikin kowace daƙiƙa, kuma da ƙarfe guda tal wanda bai kai ɗan yatsa kauri ba, yana juyawa yana kai da komo a cikin gidansa. Ratar da ke tsakaninsa da gidan nasa 'yan maikuron ce kawai, alhali silin gashin kai ɗaya yakan kai maikuron 70. Irin wannan famfo ba a zuba masa baƙin mai. Gas ɗin da yake turawa shi ne ke ba shi santsi. Abin da ka zuba a tanki, da shi zai rayu, da shi zai mutu.

Ni kuwa abin da nake zubawa a tanki sai dai a yi shiru. A 2022 litar gas ta tashi daga ƙasa da naira 300 a farkon shekara, ta haura 700 kafin damina ta yi nisa, bayan yaƙin Rasha da Yukren ya hargitsa kasuwar mai ta duniya. Tun daga nan na ƙulla zumunci da masu jarkoki na bakin hanya. Ba na tambayar daga ina, sai dai nawa. In man ya zo da wani wari da ba nasa ba, in ce sabon tacewa ne. In na hango wani abu ya kwanta a gindin galan, in girgiza shi ya haɗe, in juye. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana koya wa yara cewa ruwa ya fi mai nauyi, shi ne yake girgiza galan don kada ya yi asarar rabin kofi.

Da hunturu ya kankama, motar ta fara kawo ƙara. Da asuba sai an daɗe ana kik kafin ta tashi, ta tashi tana makyarkyata, farin hayaƙi mai yaji a ido yana fita ta salansa. A kan hanya in na yi mata lodi na taka totur, sai ta ja, ta saki, ta ja, ta saki, wani lokaci ta mutu murus. A ɗan jira, a yi ta kik, ta tashi kamar ba ita ba.

Bakaniken da ke duba mana motoci tsohon ɗalibina ne. Ban manta ba, shi ma bai manta ba, na taɓa kayar da shi a jarrabawa. Ya saurari injin, ya kai hannu kan ɗan famfon hannu da ke saman filta, ya danna, ya danna, ya danna, abin bai yi tauri ba. Ya ɗago a ladabce.

"Malam, da alama tana shan iska. Ku bari in canja filta, in bi tiyon nan har tanki."

Na ce, "Iska? Duk karatun da na yi maka, iska ka gani? Injekta ce. Ƙarfinta ne ya ragu."

"To, Malam. Amma da an fara da ƙaramin..."

"Tsakanina da kai wa ya koyar da wani?"

"Ku ne, Malam."

Ya goge hannu, ya mayar da sifanarsa akwati. A garinmu yaro ba ya ja da malaminsa. Ko rijiya malamin ya nufa, iyakarsa ya matsa gefe ya je neman igiya.

A bayan famfon injekta akwai wani noti da maƙeransa suka saita, suka ɗaure, suka sa masa hatimi saboda irina. Shi ne ke ƙayyade iyakar man da za a ba inji. Na sa filaya na ɓalle hatimin, na murɗa. Mota ta yi ruri, na yi murmushi. Na ƙara. Wannan karon da na taka totur na ɗaga ƙafa, injin ya ƙi saukowa da wuri, baƙin hayaƙi ya turnuƙe ƙofar gida har shanyar maƙwabta ta samu rabonta. Sai daga baya na ji cewa da na ƙara kaɗan, inji na iya ƙwacewa ya yi ta gudu har ya farfasa kansa. A ranar dai juyowa na yi na ce wa 'yan kallo, "Kun gani? Ƙarfi ya dawo."

Ƙarfin ya kai ni har bayan Makarfi. Na yi lodin kwandunan tumatir, nawa da na mutane, na nufi Tashar Yari in hau titin Zariya. A tsakiyar gonakin rake ta yi tari, ta mutu, ta ce ba ta san zancen ba. Rana ta take. Tumatir ba ya jiran kowa. Kafin la'asar ruwansa ya fara ɗiga ta ƙasan bodi, ƙudaje sun yi sallama. Masu babura suna tsayawa: "Sannu Malam, me ya same ta?" Ni kuma, jiƙe sharkaf da gumi, ina amsawa da muryar wanda maganarsa ta tabbata: "Injekta ce. Dama na faɗa." Ƙarshenta wata tarakta ce ta ja mu, tumatirin kuma aka rabu da shi a farashin da masu shi har yau ba sa son a tayar da zancen.

Mai hankali a nan zai miƙa wuya. Ni tabarma na shimfiɗa. A tsakar gida, ƙarƙashin darbejiya, iska tana kaɗa ƙura, na kwance famfon daga jikin inji ba tare da na yi wa taimin alama ba, na ɗora shi a kan tiren silbar uwargida, na buɗe. Gaskiya ban taɓa ganin aikin hannu mai kyan cikinsa ba: rola huɗu zaune a zobe, faifai mai tudu huɗu da ke hawa kansu, ƙananan sifirin, da gwamna mai 'yan ƙarafan da ke buɗewa in juyi ya yi yawa su rage mai. Na ciro su ɗaya bayan ɗaya, na wanke da fetur, na goge da tsohuwar singileti, na jera. Da na zo mayarwa sai na tarar jerin da ke kan tire ya saɓa da jerin da ke kaina. Wani ɗan ƙarfe mai faɗin ƙwayar magani, wanda ke zama a gindin ƙarfen nan mai tura mai, ya yi ɓatan dabo. Na tankaɗe ƙasar wurin da rariya ban same shi ba. Har gobe akwai kazar da nake yi wa kallon zargi.

Uwargida ta leƙo, ta ga abin da tirenta ya zama.

"Malam, wannan gyara ne ko rabon gado?"

"Ke dai ki yi addu'a."

"Ina yi. Tun ranar da ka ɗauki filaya nake yi."

Na ƙulle tarkacen a leda, na jefa a buhu, na hau motar haya zuwa Zariya. A Sabon Gari akwai masu wannan sana'a, waɗanda ba ruwansu da birki ko giya, injekta da nozul kawai suka sani. Wanda aka kai ni wurinsa dattijo ne. Shagonsa ƙarami, amma ƙofarsa a rufe take saboda ƙura, teburin aikinsa an lulluɓe shi da farantin ƙarfe, ba ko tsumma ɗaya a kai. Ya zazzage ledata cikin kwano mai gas garai-garai, ya daɗe yana kallo.

"Malam, wane bakaniken ne ya yi maka wannan aika-aikar?"

Na ce, "Wani yaro ne a garinmu."

Allah ya yafe mini. Na ɗauki laifina ɗungurungum na aza wa mutumin da ya roƙe ni in bari.

Dattijon ya ce, "To ka gaya masa ya koma gona."

Na ce, "Ai Baba, ya ma koma."

Ya ɗauki rola guda ya juya ta a hasken fitila, ya nuna mini ɗigo-ɗigon tsatsa da suka fara cin fuskarta. "Wannan aikin mai ne. Ruwa ya kwana a ciki." Sannan ya ɗauki ƙarfen mai turawa, ya miƙo mini gilashin ƙara girma. Wasu siraran zane-zane ne a jikinsa, ido ba ya ganinsu sai da gilashin. "Wannan kuma aikin hannu ne. Ƙura da tsumma. Na farkon da ya kai ka wasu shekaru. Na biyun ne ya kashe ta." Ya ce ƙarfen da gidansa tare ake goge su tun daga masana'anta, ba a sauya ɗaya a bar ɗaya. Sai da aka aika Ƙofar Ruwa a Kano aka samo ɗan Kwatano mai sauran lafiya, aka haɗa da sababbin robobi.

Da ya gama haɗawa bai ce in ɗauka ba. Ya ɗaura famfon a kan injin gwaji, lantarki yana juya shi, bututu huɗu suna zuba mai cikin kwalaben gilashi huɗu masu ma'auni. Ya juya shi a hankali ya duba, ya juya shi da gudu ya duba, yana taɓa notin nan da na yi wa fyaɗe da ɗan abin da bai kai kwatan juyi ba, har man ya tsaya kai ɗaya a kwalaben huɗu. Nozul kuma ya gwada su ɗaya-ɗaya a famfon hannu mai agogo. Mai lafiya takan riƙe har allura ta kai inda ake so, sannan ta fesa mai kamar hazo, da ƙara, ta yanke tsaf. Ɗaya daga cikin nawa tsiyaya take yi. Na kai yatsa zan taɓa feshin, ya buge mini hannu: wannan hazon yana huda fata ya shiga jini, an sha yanke yatsa a kansa.

Ina zaune a benci ya karanta mini abin da ya kamata a ce na sani. Ya ce, "Mu ne na ƙarshe a layi. Duk wanda ya fara da mu, daga wutsiya ya fara." Kafin a zargi injekta, a fara duba ko akwai mai, kuma wane iri. A tsiyaye ruwan filta, a canja ta. A danna famfon hannu. In ya ƙi tauri, iska na shiga ta wani wuri. A murɗa makulli a kasa kunne: akwai ɗan maganaɗisun lantarki a kan famfon da ke buɗe wa mai hanya, in bai ce "ƙas" ba, waya ɗaya ce ta hana mota tashi. A gwada hita fulog, don da yawa daga motocin da ke gardama da sanyin asuba nan ne ciwonsu. A sassauta notin bututun nozul da sifana, a yi kik, a ga ko mai na tsartuwa. A duba filtar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa. Hayaƙi ma yana ba da labari: baƙi, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, fari, man bai ƙone ba, ko don sanyi, ko taimin ya makara, ko iska ta shiga layi, shuɗi, baƙin mai inji ke sha. Famfon da ya gaji da gaske kuwa yana da tasa alamar: mota ta tashi da sanyi lafiya, in ta yi zafi aka kashe ta ƙi tashi, a zuba wa kan famfon ruwa ya huce, ta tashi. Tawa akasin haka take yi, kuma na sani, amma ban ga dalilin da zai sa hujja ta ɓata mini hukunci ba.

Kuɗin da na biya ba zan faɗa ba, don masu bina bashi suna karatu. Masarar gona guda dai ta tafi.

Tsohon ɗalibina ya ɗaura famfon, ya daidaita taimin a kan alamominsa, ya cire iska, mota ta tashi tana kiɗa mai daɗi. Na zagaya gari da ita a hankali, gilashi a sauke. Washegari da asuba na murɗa makulli. Kik, kik, kik. Makyarkyata. Farin hayaƙi. Duk abin da take yi kafin in taɓa ta, ba ragi ba ƙari.

Na aika a kira shi. Bai ce uffan ba. Ya zo da galan na gas mai kyau da ɗan farin tiyo wanda ake ganin cikinsa. Ya jona famfon kai tsaye da galan, mota ta tashi ta zauna daram. Ya mayar da layin tanki, ya sa farin tiyon a tsakani, ya ce, "Malam, ku duba." Ƙwayoyin iska ne ke wucewa a jere, ɗaya na bin ɗaya. Ya kwanta ƙarƙashin mota ya bi layin da hannu, ya fito da guntun baƙin tiyo da ya bushe ya tsage a ƙarƙashin abin ɗaurinsa. Na ce ai da ya tsage da na ga mai yana zuba. Ya ce wannan ɓangaren zuƙa yake yi, ba turawa ba. Mai ba ya fita, iska ce ke shiga, in mota ta kwana kuma man ya sulale ya koma tanki. Darasin da na koyar da shi a aji ne, ya dawo mini da shi bai ƙara ko kalma ba. Sannan ya warware murfin nan na gindin filta ya tara gorar ruwa. Abin da ya fito, ruwa a ƙasa, jar laka a tsakiya, gas a sama, kowanne ya kama matsayinsa yadda littafi ya ce.

Sabuwar filta da tiyo mai tsawon taƙi ɗaya, shi ke nan. Na ce, "Nawa ne aikinka?"

"Haba Malam, ku bar shi. Albarkar karatu."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. A nan ne na gaya masa abin da na faɗa a kansa a Zariya. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ba ni ne na farko ba. Rabin famfunan da ke zuwa Sabon Gari a buhu, "wani yaro" ne ya kwance su.

Na zauna na binciki kaina, abin da na samu ba daɗi. Ba jahilci ne ya kai ni ba, ba kuma rowa kaɗai ba. Girman kai ne mai son babbar cuta. Tsagaggen tiyo bai dace da tsohon malamin kimiyya ba. Ba abin da za ka faɗa a kansa a majalisa, babu Jamus a ciki, babu 1927. Injekta kuwa tana ba mutum damar tsayawa a bakin titi, tumatir na ruɓewa, yana jawabi. Na yanke mata hukuncin lalacewa tana da lafiya, da ta ƙi amsa laifi na lalata ta da hannuna don magana ta ta fito. Garin gyaran gira na rasa ido, sannan na biya kuɗin idon ina alfahari da tsadarsa.

An samu ɗan sauyi, ban ce babu ba. Yanzu a gidan mai nake shan gas, ina tsiyaye filta, akwatin sifanu kuma yana ɗakin uwargida, makullinsa a haɓar zaninta. 'Ya'yana sun fara shawarar haɗa kuɗi su sauya mini mota da ta zamani, irin mai tsarin bututu guda da kwamfuta ke sarrafawa, wanda ya fara fitowa a ƙananan motoci a 1997 cikin Alfa Romeo 156, da matsin da ya kai 1,350 a ma'aunin bar. Hujjarsu ita ce babu notin da zan murɗa, babu hatimin da zan ɓalle. Na yi musu godiya, na sa musu albarka. Abin da ba su sani ba, na ji labarin wata 'yar na'ura da ake jonawa a ƙarƙashin sitiyari, ta karanto wa mutum duk abin da ke damun motar, har ma ta ba shi damar goge shi. Na riga na aika a tambayo mini kuɗinta a Kano. Uwargida ba ta ji ba tukuna. In ta ji, daga bakin wani mai karatu ne, kuma Saulawa ba ta yi girman da zan kasa gano shi ba.